Yadda ake tantance tsofaffin littattafan sulke da tambarin gidajen sarautar Turai

Shekarun baya na sayi falle ɗaya ta intanet daga hannun wani dillali a Turai. Takarda ce mai faɗi, da garkuwoyi jere uku, kowace da kwalkwali a kanta, an shafa musu ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. Dillalin ya rubuta cewa daga littafin tamburan gidajen sarauta na Siebmacher na 1605 aka ciro ta. Ranar da ta iso na ɗaga ta saitin taga, sai na ga jikinta sumul kamar takardar littafin rubutun 'yan makaranta, babu layi ko ɗaya a cikinta. Takardar 1605 ba ta zama haka. Kuɗin bai kai na kuka ba, amma haushin ya daɗe bai sake ni ba, domin da na roƙi hoto ɗaya tak na takardar a gaban haske da ban yi cinikin biri a sama ba.

Littattafan sulke da na tambarin garkuwa suna da wata matsala tasu ta daban. Darajarsu tana cikin hotunansu, hotuna kuma su ake yankewa a sayar ɗai-ɗai a rataya a bango. Saboda haka a wannan fanni littafin da ya cika shi ne baƙo. Ko saye za ka yi, ko bincike ya kai ka ɗakin karatu, ko kuma kwafin intanet kake dubawa daga gida, aikin ɗaya ne: ka gane wane bugu ne a gabanka, ka ƙirga ko ya cika, sannan ka san inda marubucin kansa ya shafa wa labari shuni.

Mataki na 1: San manyan gidan tukuna

Gutenberg, wanda ya fara buga littafi da inji a Turai, ya buga shahararren Baibul ɗinsa a Mainz wajen 1455. Duk abin da aka buga daga nan zuwa ƙarshen shekarar 1500 ana kiran sa inkunabula, wato bugun da aka yi tun sana'ar tana cikin tsumma. Uku daga cikinsu sun shafe mu.

De re militari na Roberto Valturio ya fito a Verona a 1472, da zanen katako 82 na makamai da na'urorin fasa ganuwa. A wannan bugu an fara buga rubutu, aka bar gurbi, sannan aka danna zanen da hannu daga baya, shi ya sa tawadar hoton ba ta kai ta rubutun kauri ba. Na biyu shi ne labarin taron limaman coci na Konstanz, wanda aka yi daga 1414 zuwa 1418, rubutun Ulrich von Richental. Anton Sorg ya buga shi a Augsburg a 1483 da tambura sama da 1,000 na waɗanda suka halarci taron, kuma shi ake ɗauka kundin tambura na farko da ya fito daga maɗaba'a. Na uku littafin St Albans ne na 1486, kan farauta da shaho da karnuka da ilimin tambari, littafi na farko a Ingila da aka buga hotunansa da tawada mai launi. Wynkyn de Worde ya sake buga shi a 1496, ya ƙara babi kan kamun kifi da ƙugiya.

Waɗannan ukun kusan duk suna manyan ɗakunan karatu. In wani ya tallata maka ɗayansu da araha, ka tuna ruwa ba ya tsami banza.

Bayan 1500 kasuwa ta buɗe. Akwai Theuerdank na 1517, wanda Sarki Maximilian na Ɗaya ya sa aka yi don kambama kansa, da zane 118 na barde sanye da sulke yana tsallake haɗari bayan haɗari a hanyarsa ta zuwa auren gimbiya. Akwai littafin gasar barade na Georg Rüxner, Simmern, 1530. Akwai kundin Johann Siebmacher na Nuremberg, 1605, mai tambura sama da 3,000, wanda aka yi ta ƙara masa juzu'i bayan rasuwarsa a 1611 har aka shiga ƙarni na 19. A Ingila akwai Gerard Legh a 1562, John Bossewell a 1572, John Ferne a 1586, sai John Guillim a 1610.

A ganina sarkinsu duka a fannin sulke shi ne Armamentarium Heroicum na Jakob Schrenck von Notzing. Yarima Ferdinand na Biyu, mai mulkin Tirol, ya tara sulken shahararrun mayaƙa a fadarsa ta Ambras kusa da Innsbruck, har da na abokan gaba. Schrenck sakatarensa ne. Ferdinand ya rasu a 1595 bai ga littafin ba. Ya fito da Latin a 1601, da Jamusanci a 1603, da hotuna 125 da Dominicus Custos ya zana a farantin tagulla, kowane jarumi a tsaye cikin sulkensa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne yawancin sulkunan nan suna nan har yau a gidan tarihi na Vienna, za ka iya ajiye hoton kusa da ƙarfen ka gwada.

Mataki na 2: Gano wane bugu ne

Sunan littafi bai ishe ka ba. Guillim kaɗai an buga shi a 1610, 1632, 1638, 1660, 1679 da 1724, kowane bugu da ƙarinsa, kuma na ƙarshen sun ninka na farko kauri da rubutun mutanen da Guillim bai taɓa gani ba. Rüxner an sake shi a Frankfurt a 1566 da sababbin zane na Jost Amman. Schrenck an ƙanƙantar da shi a Nuremberg a 1735. Dillali zai rubuta "Guillim, 1610" alhali na 1679 ne a hannunsa, ya ce ai shekarar wallafa yake nufi.

Duba wuri biyu: shafin suna a gaba, da bayanin maɗaba'a a can ƙarshe, wanda ake kira kolofon. Inkunabula da yawa ba su da shafin suna ko kaɗan, sai a ƙarshe mabugi ke faɗin sunansa da garinsa da ranar da ya gama. Wani lokaci wuraren biyu ba sa jituwa. Bugun farko na Guillim yana da 1610 a gaba da 1611 a baya, kuma wannan ba aibi ba ne, aikin ne ya ƙetare shekara. Lambobin Rumawa ma suna da tarko. MDCI shi ne 1601, amma wasu maɗaba'u suna rubuta dubu da C da I da wata C a juye, ɗari biyar kuma da I da C a juye.

Daga nan ka nufi kundayen da masana suka tara, duk kyauta ne a intanet. Na kafin 1501 ka duba ISTC na Ɗakin Karatun Birtaniya ko GW na Berlin. Na Ingilishi har zuwa 1800, ESTC. Na ƙasashen Jamusanci, VD16 da VD17, lambar tana nuna ƙarnin. Na Italiya, EDIT16. USTC na Jami'ar St Andrews yana haɗa ƙasashe da yawa. Abin da kake nema a ciki uku ne: girman littafin, yawan fallayensa, da inda cikakken kwafi yake. Ka sauke hoton cikakken kwafi daga ɗakin karatun jihar Bavaria da ke Munich, ko Gallica na Faransa, ko Internet Archive. Shi ne ma'auninka har ka gama.

Mataki na 3: Ɗaga takarda ga haske

Takardar wancan zamani da tsummokaran lilin ake yin ta. A jiƙa su, a daka har su zama kamar kunu, a tsoma wani rariya mai kusurwa huɗu na siraran wayoyi, a ɗago, ruwa ya tsiyaye. Wayoyin suna barin sawunsu. In ka sa tocila a bayan falle za ka ga layuka ƙanana a matse da juna, da wasu manya da suka gitta su, tazarar kamar faɗin yatsa biyu. Takarda mai sumul ba ta bayyana a littattafan Turai ba sai a 1757, a wani bugu na John Baskerville a Birmingham. Nan dillalina ya faɗi.

A cikin jikin takardar kuma akwai hatimin masana'antar da ta yi ta, irin hoton da kake gani in ka ɗaga naira ga rana: kan sa, tulu, hannu, kambi, anga. Wanda ya taɓa riƙe tsofaffin littattafan hannu na malaman Kano ko Sakkwato ko Barno ya san wannan, domin da yawansu a kan takardar Italiya mai jinjirin wata uku aka rubuta su, wadda fatake ke kawowa ta hamada. Ilimin ɗaya ne. Charles-Moïse Briquet ya tara dubban hatimai a kundinsa na 1907, akwai kuma tarin Piccard a Stuttgart. Hatimi ba zai ba ka shekara daidai ba, amma zai gaya maka in falle ɗaya ya bambanta da maƙwabtansa, kuma wannan ne amfaninsa a gare ka.

Layukan nan suna nuna girman littafi na ainihi. In an naɗe babban falle sau ɗaya, foliyo ke nan: manyan layuka a tsaye, hatimi a tsakiyar shafi. Sau biyu, kwarto: layuka a kwance, hatimi ya shige cikin ɗinki. Sau uku, oktabo: layuka a tsaye, hatimi a kusurwar sama ta ciki, sau da yawa wuƙar mai ɗinki ta ci rabinsa. Kada ka dogara da rula, masu sake bango suna datse gefe har foliyo ya koma kamar kwarto.

Amma layi kaɗai ba shaida ba ne. Ana yin takarda mai layi har gobe. Littafin St Albans an yi masa kwaikwayo a Landan a 1881 da gaskiya ba da niyyar cuta ba, kuma kwaikwayon nan yanzu ya haura shekara 140, ya yi ja, ya yi warin tsufa. In an cire shafin gabatarwarsa zai ruɗi baƙo.

Mataki na 4: Ƙirga falle-falle

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mutane ke gajiya su tsallake.

Kada ka bi lambar shafi. Mabugan da suna kuskurenta kamar me, su maimaita, su tsallake goma. Abin da ba sa wasa da shi shi ne alamar ƙunshi, wato rukunin fallayen da ake naɗewa a ɗinke tare, domin da ita mai ɗinki ke jera littafi. Duba ƙasan shafin dama za ka ga harafi: A, sai Aij, Aiij, Aiiij. Wannan ƙunshi na farko ne. Galibi rabin farko na ƙunshi ake sa wa alama, sauran a bar su haka. Bayan A sai B, har Z, sannan Aa, Bb. Haruffan 23 ne, domin ana ɗaukar I da J abu guda, U da V abu guda, W kuma ba ta ciki. Kada ka ga babu J ka ce an sace ƙunshi. In kundi ya ce littafi yana da A zuwa Z, shida-shida, to falle 138 kake nema.

Akwai mataimaki na biyu. A ƙasan shafi ana buga kalmar da za ta fara shafi na gaba. Alarammomi masu rubuta Alƙur'ani da hannu a fallaye marasa ɗinki sun san wannan dabara, ita ce ke hana warwatsewa. In kalmar ƙasa ba ta dace da farkon shafin da ke biye ba, ko wani abu ya fita ko an jera ba daidai ba.

Ka ɗauki takarda da fensir, biro ba ya kusantar tsohon littafi. Rubuta haruffan a jere, ka riƙa buɗawa kana sa maki. Foliyo mai falle ɗari uku zai ci maka awa biyu ko uku. Bayan rubutu sai hotuna, su kuma ƙirgarsu daban, domin hotunan tagulla sau da yawa a takarda daban ake buga su a cusa, ba sa cikin alamar ƙunshi. Wasu littattafan suna da umarni ga mai ɗinki a ƙarshe, cewa hoto kaza ya fuskanci shafi kaza. In akwai, ka bi shi. In babu, kwafin da ka sauke shi ne alƙali. Ka fi sa ido a kan shafin suna, hoton marubuci ko na sarkin da aka sadaukar wa littafin, manyan hotuna masu naɗewa, da fallen ƙarshe. Su ne ke fara tafiya. Har farin falle da babu komai a kansa ana ƙirga shi in yana cikin ƙunshi.

Sai kitso da ƙwarƙwata. Dillalan ƙarni na 19 sukan sayi kwafi biyu marasa cika su haɗa ɗaya. Alamominsa: falle da ya fi 'yan'uwansa gajarta, ko fari, ko tabon ruwa da ya bi shafuka ashirin ya ɓace a ɗaya ya dawo a na gaba. Ramin ƙwaro shi ne mashaidin da na fi yarda da shi. Ƙwaro yana huda a miƙe, in rami ya bi ta falle 40 da 42 ya tsallake 41, to 41 baƙo ne. Wani lokaci baƙon ma ba bugu ba ne, da alƙalami aka zana shi. John Harris, wanda ya yi wa gidan tarihin Birtaniya irin wannan aiki a ƙarni na 19, ya ƙware har ma'aikatan wurin suka kasa bambance nasa da na asali, aka umarce shi ya riƙa sa hannu a duk fallen da ya yi. Gwajin mai sauƙi ne: kwantar da hasken tocila a gefen shafi. Haruffan dalma suna nutsewa cikin takarda su bar tudu a bayanta. Alƙalami da injin zamani ba sa barin komai.

Littafin da ya rasa falle biyu bai zama shara ba, ga mai karatu ma yana iya zama rabo. Farashinsa ne ya kamata ya faɗi ƙasa sosai, kuma a gaya maka tun kafin ka biya.

Mataki na 5: Katako ne ko tagulla, kuma wa ya shafa launi

Zanen katako ana sassaƙe abin da ba a so, a bar layin a tsaye, a buga shi tare da rubutu a injin guda. Layinsa kauri, kuma galibi akwai rubutu a bayan shafin. Zanen tagulla akasin haka ne: a karce layi a jikin faranti, a cika shi da tawada, a matse da ƙarfi. Gefen farantin yana barin shaida mai kusurwa huɗu kewaye da hoton, kana jin ta da ɗan yatsa. Richental, Theuerdank da Rüxner katako ne. Hotunan jaruman Schrenck da tamburan Siebmacher tagulla ne. In ka sa madubin ƙara girma ka ga hoton ya tarwatse ya zama ɗigo-ɗigo a jere kamar na jarida, rufe littafin.

Faranti yana gajiya. Bugun farko baƙi ƙirin ne, siraran layukan inuwar sulke suna fita tar. Bayan ɗaruruwan matsi sai su dushe. Farantan Siebmacher sun yi ta yawo daga hannun magada zuwa wasu mabugan, shi ya sa hoto ɗaya yana iya zama na farkon ƙarni na 17 ko na bayansa da shekaru masu yawa.

Launi yana ninka farashi, don haka ake ƙara shi jiya a ce na da ne. Juya shafin ka duba bayan inda aka shafa kore. Tsohon kore da tsatsar tagulla ake haɗa shi, da daɗewa yakan ci takarda ya fito ta baya ruwan ƙasa-ƙasa. Ganinsa alama ce mai kyau, rashinsa kuma ba hukunci ba ne. Ka duba ko launi ya malala cikin ramin ƙwaro ko ya hau kan faci. In haka ne, bayan ɓarnar aka shafa shi.

Mataki na 6: Koyi karanta garkuwa

Ba sai ka je nesa neman abin gwaji ba, tambarin Najeriya a kan wannan tsari na Turai aka gina shi. Ana fara faɗin filin garkuwa: baƙi. Sai babban abin da ke kansa: farar alama mai reshe biyu, Neja da Binuwai. Sai abin da ke sama: jar mikiya. Sai masu riƙe garkuwa: fararen dawakai biyu. Haka ake karanta na kowane gida. Launuka kashi biyu ne, ƙarafa, wato zinariya da azurfa, waɗanda ake nunawa da ruwan ɗorawa da fari, sai ja, shuɗi, baƙi, kore da shunayya. Ƙa'ida ita ce ba a ɗora ƙarfe kan ƙarfe ko launi kan launi, don a hango daga nesa. Dama da hagu kuwa na mai riƙe da garkuwar ne, damarsa ita ce hagunka.

To yaya ake nuna launi a bugun baƙi da fari? Da farko da haruffa, kuma nan akwai rami: g a littafin Jamusanci zinariya ce, a na Ingila kuwa ja. Daga baya tsarin da wani limamin Katolika, Silvester Petra Sancta, ya yaɗa a littafinsa na Roma a 1638 ya mamaye ko'ina. Ɗigo-ɗigo zinariya, fili ba komai azurfa, layi a tsaye ja, a kwance shuɗi, tsaye da kwance a gicce baƙi, karkatacce daga saman hagunka zuwa ƙasan damarka kore, akasinsa shunayya. Wannan ma ma'aunin shekaru ne. Falle da aka ce na 1560 ne amma yana bin wannan tsari tsaf ya ƙaryata kansa.

Mataki na 7: Kada ka gaskata marubucin don ya tsufa

Tambarin gado ya fara ne a tsakiyar ƙarni na 12. Duk da haka za ka ga littattafan nan sun ba Iskandar na Makidoniya da Julius Kaisar garkuwa da tambari, Richental ma ya zana na masarautu masu nisa da labari kawai ya ji. Masu sana'ar tambari asalinsu masu shela ne a filin gasar barade, aikinsu sanin kowa da kakanninsa, kuma kamar kowane maroƙin fada sun san inda tuwonsu ke fitowa.

Rüxner ne gwanin. Ya jera gasa 36, daga ta Magdeburg a 938 zuwa ta Worms a 1487, da sunayen duk baraden da suka hau. Na baya-bayan sun faru. Na farko-farkon ƙanzon kurege ne, kuma da ya zo faɗin madogararsa sai ya ce wani tsohon kundi ne da aka ƙone bayan an kwafe shi. Gidajen sarautar Jamus sun rungumi littafin hannu bibbiyu, domin wanda sunan kakansa ya fito a gasar 938 ya sami shekara ɗari shida na asali a ɓagas.

A Ingila su kansu masanan sun tona wa juna asiri. Ralph Brooke ya fitar da jerin sarakuna da manyan masu sarauta a 1619 cike da kurakurai, ya ɗora laifin kan mabugi William Jaggard. A 1622 Augustine Vincent ya wallafa littafi sukutum na gyaran kurakuran Brooke, Jaggard ya buga shi, har ya sa nasa martanin a gaba. In bincike kake kan wani gida na Ingila, ka gwada abin da littafi ya ce da bayanan ofishin tambura na Landan, wanda Sarki Richard na Uku ya ba izini a 1484.

A fannin sulke kuwa, ka lura mai zane yakan sa wa jarumin da sulken zamaninsa shi mai zanen. Hoton 1530 shaida ce kan yadda sulke yake a 1530, ko da wanda aka zana ya mutu shekara ɗari biyar kafin nan.

Mataki na 8: Ta hannun wa ya biyo

Duba cikin bango da shafin suna: sa hannu, takardar mallaka mai tambari, hatimin ɗakin karatu, tambarin zinariya a kan fata. Ilimin da ka koya a mataki na 6 zai gaya maka gidan da littafin ya zauna. Hatimin ɗakin karatu ba tare da hatimin sallama ba abin tambaya ne. Wurin da aka kankare ko aka wanke a ƙasan shafin suna ya fi shi muni. A 2012 aka gano shugaban ɗakin karatun Girolamini da ke Naples yana kwashe littattafai da dare, aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai, wasu littattafan kuma aka kama su a wani gidan gwanjo a Munich. Wanda ya sayi na sata zai mayar, kuɗinsa kuma sai abin da Allah ya yi.

Mataki na 9: Ciniki

Ka fifita dillalin da ke cikin ƙungiyar dillalan tsofaffin littattafai ta duniya, ILAB, wanda zai rubuta maka cewa littafin ya cika kuma zai karɓa in ba haka ba. Kafin ka biya ka nemi hoton shafin suna, kolofon, falle ɗaya a gaban haske, bayan hoto mai launi, da jerin ƙunshi a rubuce. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. A gwanjo, farashin da aka buga guduma a kai ba shi ne ƙarshe ba, akwai la'adar gidan da takan kai kwata ko fiye, ga kuɗin aike da inshora da na kwastan. In an rubuta cewa ana sayar da shi yadda yake, ba a dawowa da shi, to ka san akwai magana. Italiya, Faransa, Jamus da Birtaniya duk suna da dokar neman izini kafin a fitar da wasu tsofaffin littattafai, ka tambaya tun kafin ka ɗaga hannu.

Mataki na 10: Ajiya

Littafin da ya shekara ɗari huɗu a ɗakin dutse mai sanyi ba ya son canjin yanayi na farat ɗaya. Laimar iska tsakanin kashi 40 da 55 cikin ɗari ta fi masa, in ta haura 65 fumfuna za ta kama. Inda ake damina da hunturu dole a yi dabara, domin a watan Agusta takarda za ta sha laima, a Janairu fata ta bushe ta kanannaɗe bango ya ɗage. Samo ƙaramin ma'aunin laima ka ajiye a ɗakin. Sa littafin cikin kwali marar asid, a kabad ɗin ƙarfe da ke nesa da bangon waje da ƙasa saboda gara, ba inda rana ke faɗawa ba. Babban foliyo irin na Schrenck a kwance ake ajiye shi, nauyinsa yana yage ɗinki in ya daɗe a tsaye.

Wanke hannu ka shanya ya fi safar hannu, safa tana kashe jin yatsa ka yaga gefen shafi ba ka sani ba. Kada ka buɗe shi shimfiɗe, tallafe bangon biyu da matashi. Ba salatif, ba gam, ba man shafawa a fata, ba leda mai liƙewa da zafi. In ka ga garin takarda sabo a ƙarƙashin littafin, ƙwaro na ciki da rai: ware shi daga saura, ka nemi mai gyaran tsofaffin takardu a gidan tarihi ko ɗakin adana kundaye mafi kusa da kai.

Takardar da ka yi ƙirga a kanta, da rasit, da wasiƙun dillali, duk ka haɗa su cikin ambulan ka sa a kwalin, ba cikin littafin ba. Nawa fallen na jabu yana cikin irin wannan ambulan, na rubuta a bayansa da fensir abin da aka ce shi ne da abin da hasken taga ya nuna.